Hadarin da Ya Taso Daga Yamma

Na sauka Kuala Lumpur wata Talata da hantsi, ina da shekara saba'in da ɗaya, riƙe da jaka guda da kwalin dambun nama. Ɗana Nuhu, wanda ke koyarwa a wata jami'a a can, shi ya matsa in zo in huta wata uku bayan rasuwar mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta. Ya ce gidan Kano ya yi mini girma. Gaskiya ya faɗa.

Ni ba baƙon hanya ba ne. Shekara talatin na yi a kamfanin fatu da ƙiraga, aikin ya zaunar da ni a Khartum da Jidda da Abidjan da Duwala. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ga Fulatancin da na sha a nono. Saboda haka da Nuhu ya ce in jira shi a filin jirgi sai ya gama sa ido a jarrabawa, na ce ba ni jiran kowa. Na hau jirgin ƙasa zuwa babbar tashar cikin gari, na fita ta ƙofar da ba ita ba, sai ga ni a Brickfields, unguwar Indiyawa, cikin ƙamshin turare da furanni da soyayyar albasa. Wani mai tasi mai fara'a ya karɓi jakata tun ban yi magana ba. Na ce Danau Kota, unguwar su Nuhu. Ya ce, "Boleh, boleh," wato babu damuwa. Sau biyu muka wuce wani masallaci mai koriyar ƙubba. Na gane abin da ake yi mini, domin an yi mini irinsa a Duwala ina saurayi, amma gajiya ta hana ni faɗa. Ya ajiye ni a gindin wani dogon bene da ba namu ba, ya ja motarsa. Mai gadin wurin, wani dattijo Ba'indiye, shi ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya tsiyaya mini ruwa a murfin gorarsa, ya kira Nuhu da wayarsa. Ban san sunansa ba har yau.

Gidan Nuhu yana hawa na goma sha bakwai. Matarsa Hafsatu ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da aka yi tattalin kukarta tun bara. Sannan aka kira Abba.

Sunana aka sa masa, shi ya sa iyayensa ba sa faɗar sunan, suke ce masa Abba. Yana da shekara uku aka tafi da shi, yanzu yana da sha shida. Ya fito daga ɗaki, dogo siriri, ya kama hannuna da hannu biyu ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kai, irin gaisuwar yaran ƙasar. Ya ce, "Sannu, Atuk." Haka suke kiran kaka a can. Zuciyata ta cika, sai na yi abin da kowane kaka zai yi.

"Wannan ne takwaran nawa? Wannan sillan karan? Kai Nuhu, ba kwa ba shi abinci ne? Wallahi an cuce ni, an ba sunana ga wanda iska za ta ɗauke."

Nuhu ya yi dariya, Hafsatu ta rufe baki. Abba ya yi ɗan murmushi ya koma ɗaki. Na ce a raina, bari ya huta, gobe zai rama.

Bai rama ba. Jikokina na Kano ɓoye mini takalmi suke idan an kira salla. Akwai wata 'yar shekara bakwai da ke tambayata kullum yaushe zan mutu ta gaji rediyona, ni kuma in ce sai na ci goron bikin jikarta. Tun rasuwar kakarsu, wannan tsiyar tasu ce kaɗai ke sa gidan ya yi motsi. Irin wannan tsiyar nake nema a bakin Abba, shi ya sa na ƙara wuta.

Ga shi kuwa ya ba ni abin kamawa. Wani wasa yake yi a makaranta, besbol, wanda ban taɓa gani ba sai a talabijin ɗin otal. Kullum da yamma zai dawo da wata ƙatuwar safar hannu ta fata, guda ɗaya tak.

"Ina ɗayar? An sace, ko kuɗin ubanka bai kai biyu ba?"

Ya ce da Turanci, a hankali, guda ɗaya ake sawa.

"To ni fata sana'ata ce. Kawo in gani. Kai, an yi asarar saniya. Wasan da mutum zai doki ƙwallo ya yar da sanda ya ruga kamar wanda ya yi sata a kasuwa? Wasan ragwaye. Da dambe ka koya da na san jinina ne."

Ya karɓi safarsa ya ce, "To, Atuk." Daga nan ya fara cin abincinsa a ɗaki. Na ɗauka halin yaran zamani ne.

Kwanakin suka yi mini tsawo. Nuhu yana fita tun safe. Ina sauka in je masallaci, in zauna a mamak ɗin bakin titi, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, in sha shayin da ake jan sa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Wasu samarin Najeriya 'yan kwaleji sukan zauna kusa, su gaishe ni da ladabi, su koma hirarsu wadda rabinta Turanci ne. Abin da ya fi damuna shi ne ruwan sama. Na ga ruwan Abidjan, na ga na Duwala da ke kwana uku bai ɗauke ba, amma kowanne yana da lokacinsa. Nan babu bazara, babu kaka, babu ranar da za a ce yau aka yi ruwan fari. Ana rana sai a kece da ruwa, a ɗauke, zafi ya dawo kamar ba a yi ba. Kuma ba shi da ƙamshi. Ina tsayawa a baranda in buɗe hanci ina jiran ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa bayan ƙishirwa, irin wanda mai ɗakina kan fito tsakar gida ta tsaya saboda shi, tana cewa in zo in ji. Sai warin kwalta da jiƙaƙƙen siminti.

Saura kwana goma in koma Hafsatu ta same ni a baranda. Ta daɗe tana gyara tsintsiyar da ba ta lalace ba.

"Baba, in faɗi wata magana?"

"Faɗi, 'yata."

"Abba ya ɗauka da gaske kake."

"Da gaske nake me?"

"Duk abin da kake ce masa. Jiya ya tambaye ni me ya yi maka ka tsane shi. Ya ce ko don bai iya Hausa sosai ba ne." Ta jingine tsintsiyar. "Laifinmu ne, Baba. Ba mu taɓa gaya masa ba. Nan yaro ba ya mayar wa tsoho magana ko da wasa. Bai san ana yi ba."

Wata biyu da rabi ina zagin yaro a gidan ubansa, yana sunkuyar da kai yana cewa to. Na zauna a ƙasashe huɗu ina alfahari da cewa nakan gane al'adar mutane kafin in buɗe baki, ban taɓa tunanin jikana ma mutumin wata ƙasa ba ne.

Washegari na kira shi na yi masa bayani da Turanci. Na ce a wurinmu kaka abokin wasa ne, wanda ya fi so shi ya fi tsokana, kuma shi ma yana da izinin ramawa. Ya saurara da kyau kamar ana karanta masa dokar makaranta. Ya ce, "Na gane, Atuk. Babu komai." Ya kama hannuna ya ɗora a goshi ya fita. Wasan da aka yi wa bayani ya riga ya mutu. Na daina tsokanarsa, shi bai fara ba, sai muka koma gaisuwa zalla, kamar ni da maƙwabcinmu Basine da muke haɗuwa a lif.

Jirgina na ranar Juma'a ne. Ranar Litinin na ji Hafsatu na cewa Laraba da yamma za su yi wasan ƙarshe na gasar makarantu, a wani fili bayan unguwar Sentul. Babban mai jefa musu ƙwallo ya gurɗe a hannu, kocinsu ya ce Abba ne zai yi jifa, karo na farko. Amma idan ruwa ya hana, za a ɗaga zuwa Asabar, kuma kafin nan wancan ya warke. Na ce zan je. Abba ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya ce wurin babu kujeru masu daɗi. Na ce na zauna a kan buhun fata daga Kano har Legas.

Tun daga ranar yaron bai ajiye waya ba. Hasashen yanayi yake dubawa, yana ci yana dubawa, yana alwala wayar na gefen famfo. Ranar Laraba ta nuna hoton rana da safe, da azahar rana da ɗan gajimare, ƙarfe shida kuma baƙin gajimare da walƙiya a ƙarƙashinsa. An tashe su makaranta da wuri. Ƙarfe uku na same shi a baranda sanye da kayan wasa, fari da ratsin shuɗi, yana kallon sama yana kallon waya, bai ci abincin rana ba.

Na tsaya gefensa. Mahaifina manomi ne a ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta, kuma mutane daga unguwanni suke zuwa tambayarsa ko a yi shuka. Ya koya mini kallon tururuwa idan ta fara kwashe ƙwanta, da yadda iska ke tsayawa cik, da launin gindin hadari. A hawa na sha bakwai babu tururuwa, amma akwai sama. Na nemi alƙibla, wadda a nan wajen yamma take, na juya lissafina, na gano gabas. Can wajen duwatsu sama tas take, sai ɗan farin gajimare kamar auduga. A yamma ne baƙi ya taru, can nesa bayan dogayen gine-gine.

Na ce, "Ba za a yi ruwa ba."

Ya juyo. "Waya ta ce za a yi."

"Wayar ta taɓa noma? Dubi can. Ina ne can?"

"Yamma."

"To ruwa daga gabas yake zuwa. Hadarin da ka gani a yamma ya riga ya wuce ka, na wasu ne. Babana ya ce wanda ya kwashe shanya saboda hadarin yamma, wahalar banza ya yi. Shekara saba'in ban ga ya saɓa ba."

Na nuna masa yadda ake jiƙa yatsa a ɗaga don a ji inda iska ke tahowa. Ya jiƙa nasa ya ɗaga. Ya tambaye ni yaya babana yake, ya tambayi mece ce shanya, ya tambayi ko gaske ne tururuwa na sanin ruwa. Tambaya uku a jere, da wata irin Hausa mai tuntuɓe. Tun zuwana bai taɓa tambayata komai ba.

"Ka tabbata, Atuk?"

Da na ce in Allah Ya so, da na tsira. Amma yana kallona da idon da na yi wata uku ina nema. Na ce, "Je ka ci abinci. Yau sai ka yi jifarka."

Ya sa wayar a aljihu, ya cinye kwano guda, ya ruga ya tari motar makaranta.

Nuhu yana da taro, zai same mu a can. Hafsatu ta shirya mini jaka: ruwan sha, darduma saboda magariba, sauran dambun nama, rigar ruwa ta leda, da lema. Na fitar da rigar ruwan da lemar na ajiye a kan kujera.

"Baba, ka dai riƙe lemar."

"In yaron ya hango ni da lema, me na gaya masa ke nan?"

"Mu nan ko ana rana da ita muke fita."

"Ku nan."

Na sa babbar rigata ta shadda, farar da ta sha bugu, wadda na zo da ita saboda Juma'a, na kafa hular zanna. Na ce takwarana zai tsaya gaban jama'a, bari su san yana da dangi.

Hafsatu ta kira mini mota ta waya. Direban Bamalaye ne, ya dubi rigata ta madubi, ya dubi sama, ya ce da Turanci, "Haji, babu lema?" Na ce ba a buƙata. Ya ce, "Toh," ko abin da ya yi kama da haka a harshensu. Muka bi ta Sentul, ta gefen tsoffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da sababbin benaye suka tsaya a kansu, har filin.

Fili ne kore shar, an zana farin layi, an kewaye bayan mai dukan ƙwallo da ragar waya. Iyaye sun zazzauna a kan benci uku marasa rufi, kowa da lema a gefen ƙafarsa. Akwai wata 'yar rumfar kwano can ƙarshen fili. Wata Basiniya mai furfura ta matsa mini wuri, ta ce jikanta ne mai tsugunawa yana cafe ƙwallo, ta tambayi nawa. Na nuna. Ta ce, "A'a, Abba! Yaron kirki." Ita ta riƙa fassara mini wasan.

Biyar da rabi aka fara. Abba ya hau ɗan tudun da ke tsakiyar fili, shi kaɗai. Ya ɓoye ƙwallon a cikin safar nan da na yi wa dariya, ya ɗaga ƙafa ɗaya har gwiwa ta kai ƙirji, ya saki. Ban ga ƙwallon ba, ƙararta kawai na ji a hannun mai cafewa. Sai na gane abin da fatar ke yi. Na fari cikin abokan hamayya ya kai duka sau uku bai samu ba, ya fita. Na biyu ya samu, ya ruga. Abba ya goge goshi, ya dubi benci, na ɗaga masa hannun riga. Ya fitar da na uku, ya fitar da na huɗu. Matar nan tana ta dukan kafaɗata. Tsayuwarsa a kan tudun, da yadda yake karkata kai kafin ya yi jifa, na kakarsa ne sak idan tana auna gishiri. Ban san inda ya samo ba, tun tafiyarsu bai fi sau biyu ya gan ta ba.

Ina cikin wannan ban lura haske ya canja ba. Iska mai sanyi ta bugo mini ƙeya, ta yamma. Na waiwaya. Baƙin nan da na ce na wasu ne ya cinye rabin sama, yana tahowa kanmu kamar an aiko shi. Abba ya koma kan tudu karo na biyu, ya jefa ɗaya, ya jefa biyu, sai jiniya ta ɗauka. Matar ta ce ta walƙiya ce, idan ta yi kuka dole kowa ya bar fili. Kafin ta rufe baki aka tsage da tsawa, ruwa ya sauko gaba ɗaya, babu yayyafi babu sallama.

Kowa ya ruga rumfa. Matar ta buɗe lemarta a kanmu, iska ta juye ta. Na ce ta je. Babbar riga idan ta jiƙe ta fi ɗanyar fatar sa nauyi, ta nannaɗe mini ƙafafu, ina tafiya ina tattare ta kamar mai tsallaka rafi. Iska ta ɗauke hular, na ga ta faɗa kwata ruwa ya tafi da ita. Ni ne na ƙarshe da ya isa rumfar, kaina a buɗe, sanƙona na sheƙi, shadda ta manne mini a jiki.

Kocin yana magana da alƙalin wasa. Na ji kalmar Asabar. Abba yana zaune a ƙasa a kusurwa, ya rufe fuska da safarsa. Na tsaya nesa da shi ina ɗiga. Abu ɗaya na ba shi tun da na zo, ya karɓa da hannu biyu, ga abin da ya zama. Na shirya kalmomin ban haƙuri da Turanci, na matsa.

"Takwara."

Ya sauke safar. Idonsa ja. Ya dube ni daga sanƙo har takalmi, ya sake dubawa. Leɓensa ya fara rawa, na ɗauka kuka ne. Ya cije, ya kasa. Dariya ta ƙwace masa har ya kwanta a jikin jakar sandunan wasa.

"Atuk," ya ce da Hausa, yana nema yana haɗawa, "kai... kaza. Kaza ta faɗa rijiya."

"Ni kake ce wa kaza?"

"Ka ce babu ruwa! Shekara saba'in!" Ya miƙe ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama, ya ƙanƙance ido, ya yi muryar tsofaffi. "Na wasu ne. Na wasu ne." Ya juya wajen abokansa ya ce da Turanci, "Ga kakana, masanin sama. Duk abin da ya ce, ku ɗauko lema."

Yaran suka zuba mini ido, suna jiran su ga abin da tsoho zai yi. Shi ma sai dariyar ta tsaya masa, ya ga ya yi nisa, hannunsa ya fara neman nawa zai kai goshi. Na janye hannun.

"Ɗan banza mai hannu ɗaya. Ai jifarka ce ta huda sama."

Ya dubi fuskata da kyau.

"Tsoho," ya ce a hankali, kamar mai taɓa ruwa da yatsan ƙafa. "Tsoho marar hula."

"Za ka biya ni ita."

"Je ka kama ta, tana hanyar teku."

Ya ciro tawul daga jakarsa ya ɗora mini a ka, ya goge mini sanƙo da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Na bar shi. Ruwan da ke fuskata ya isa ya rufa mini asiri.

Ranar Asabar ina Kano. Wancan yaron da ya gurɗe ne ya yi jifa, Abba yana benci, kuma an cinye su. Ni ban taɓa ganin ƙarshen wasan besbol ba, abin da na gani bai fi minti arba'in ba. Damina biyu ke nan ban sa Abba a ido ba. Amma duk ranar da suke da wasa, wajen takwas na safe agogonmu, wayata takan yi ƙara, in ga hoton sama daga baranda mai hawa goma sha bakwai, da saƙon murya a ƙarƙashi: "Tsoho, duba mana. Faɗi abin da ka gani, mu yi akasinsa." Nakan saurara sau uku ko huɗu kafin in zage shi.